Muhawara: Yadda Shirye-shiryen Talabijin Ke Nuna Masu Lalurar Otizim

Sagir Marubuci
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga likitocinmu da malaman yara masu buƙata ta musamman. Shirye-shiryen talabijin da suka yi tashe a kan masu lalurar otizim, wadda gidajen rediyo kan kira galahanga, kusan mutum ɗaya suke ta juya mana. A The Good Doctor likitan tiyata ne da ke hango jijiyoyin majinyaci a cikin kansa. A Extraordinary Attorney Woo lauya ce da ta haddace kundin dokoki tun tana ƙarama. Haka abin yake a zahiri? In ba haka ba ne, marubucin da zai saka irin wannan mutum a shiri mai dogon zango ta ina zai fara, me kuma zai kauce wa? Bayani na aiki nake nema don Allah.

Dakta Hadiza
Wa alaikumus salam, Malam Sagir. Ba haka yake ba. Tushen wannan hoto shi ne fim ɗin Rain Man na 1988, inda tsinken sakace ya zube a ƙasa Dustin Hoffman ya kalla ya ce 246 ne, daga baya ƙaninsa ya kai shi Las Vegas yana ƙirga masa katin caca. Fim ɗin ya ci Oscar huɗu, sai duk mai rubutu ya bi sawunsa. Kim Peek kuwa, mutumin da aka fi dangantawa da labarin, an haife shi ne babu gadar jijiyoyin da ke haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa na dama da na hagu, kuma daga baya masana sun karkata ga cewa wata lalura ce daban yake da ita.

Ƙiyasin da aka daɗe ana kafa hujja da shi shi ne, kusan mutum 1 cikin 10 masu otizim ke da irin wannan baiwa ta ban mamaki, kuma yawanci a abu ɗaya take tsayawa, kamar lissafin kalanda ko zane ko kiɗa. Amma wani bincike da aka wallafa a 2018 ya auna taurari 26 na fina-finai da talabijin, ya tarar kusan rabinsu an ba su baiwar. A ɗaya ɓangaren, alƙaluman hukumar CDC ta Amurka sun nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na yaran suna da raunin fahimta tare da otizim ɗin, kuma a 2023 ta ce kusan kashi 27 cikin 100 na 'yan shekara 8 da ta duba nasu mai tsanani ne, wato ba sa magana ko kalmominsu 'yan kaɗan ne ko raunin fahimtar ya yi zurfi. Su ne allon talabijin ya manta da su.

Alhaji Bala Furodusa
Dakta, ban musa alƙalumanki ba, amma shiri kasuwa ne. Attorney Woo ya fara a tashar ENA ta Koriya da kashi 0.9 cikin 100 na masu kallo, ya ƙare kashi na 16 da 17.5 cikin 100. Me ya jawo su? Yarinya mai basira da ke kayar da manyan lauyoyi. Wa zai zauna makonni yana kallon yaron da ba ya cewa uffan? Kuma kafin waɗannan shirye-shirye mutane da yawa ko sunan lalurar ba su sani ba. Ai a yaba musu.

Nafisa A.
Alhaji, ranka ya daɗe, a matsayina na mai lalurar, matsalar ba baiwar ba ce, sharaɗin da ake ɗora mata ne. Dubi kashi na farko na The Good Doctor, 2017. Hukumar asibiti tana ta ja-in-ja a kan ɗaukar Shaun Murphy, likitan nan mai otizim, ba ta sassauto ba sai da bidiyonsa ya bazu yana ceton wani yaro a filin jirgin sama da 'yan tarkacen da ya harhaɗa. Darasin da mai kallo ya tashi da shi: za a haƙura da kai in dai kana da abin da ya fi na kowa. To wanda ba shi da shi fa? Uwa ta je da ɗanta gidan suna sai ka ji wata ta ce "shi kuma wace baiwa Allah ya ba shi?" In aka ce babu, sai fuska ta canza.

Ko labaran gida haka ne. Ranar 2 ga Afrilun 2025 kowa ya yaɗa zanen Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke da aka baje a Eagle Square a Abuja, mai faɗin sama da murabba'in mita dubu 12, wanda ya shiga kundin Guinness. Abin alfahari ne. Sai dai a Birtaniya, inda ake da tallafi, alƙaluman hukumar ƙididdiga na 2021 sun nuna kashi 22 cikin 100 ne kawai na manya masu otizim ke da aikin yi. Likita da lauya ba su ne gama-gari ba.

Ummi Kd
Anti Nafisa, a yi wa Woo adalci dai. A kashi na 3 sun kawo wanda ake tuhuma da kashe yayansa, saurayi mai otizim mai tsanani, magana da ƙyar, ba abin da ya sani sai wata 'yar tsana mai suna Pengsoo. Aka tura Woo wurinsa don ana ganin ai lalurarsu ɗaya, ita da kanta ta ce ba a taru an zama ɗaya ba. Har tarihin Hans Asperger, likitan da ya yi bincike a kan lalurar, da zamanin Nazi suka taɓo.

Nafisa A.
Gaskiya ne, shi ne kashi mafi kyau a shirin. Kashi ɗaya cikin 16, kuma saurayin ya zo ne don mu ƙara fahimtar Woo, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Isuhu Damagaram
Sannunku da hira. Mu masu kallon tashoshin Faransa muna da namu, Astrid et Raphaëlle, da France 2 ta fara a 2019. Astrid ma'aikaciyar ɗakin adana takardun shari'a ce, ta san kowane fayil da ka, ita ke warware wa 'yar sanda kisan da ya gagara. Kun ga dai gidan jiya. Turkiyya ma ta yi nata Mucize Doktor a 2019, wanda shi da na Amurka duka daga Good Doctor na Koriya na 2013 aka ɗauko su. Labari ɗaya ke yawo ƙasa-ƙasa yana sauya riga. Abin da zan yaba wa Astrid shi ne zaman da take zuwa na manya masu otizim, inda ake ganin mutane iri-iri a ɗaki guda, wani mai surutu, wani shiru. Marubuci ya riƙe wannan dabara: in mutum ɗaya ka saka, shi zai wakilci kowa; in biyu ko uku ne da ba su yi kama ba, mai kallo zai gane da kansa.

Sagir Marubuci
Na ɗauki wannan, Malam Isuhu. To Dakta, wajen gina halinsa, waɗanne alamomi ne dole, waɗanne ne zaɓi?

Dakta Hadiza
Littafin da likitoci ke aiki da shi, DSM-5 na 2013, wanda ya haɗe nau'in da ake kira Asperger da sauran nau'o'in otizim a ƙarƙashin suna ɗaya, ya kasa alamomin gida biyu. Gidan farko mu'amala ce, abu uku, kuma dole duka su bayyana: wahalar musayar magana da ta ji, wato ba-ni-in-ba-ka ta hira, wahalar harshen jiki, irin su ido da fuska da nuni, da wahalar ƙulla abota da riƙe ta. Gida na biyu abu huɗu ne, biyu sun wadatar: maimaita motsi ko magana; nacewa a kan tsari ɗaya; ƙwallafa rai a kan wani abu; da yadda ƙara ko haske ko taɓi ko wari ke yi masa yawa ko kuma ya ƙi jinsu. Sai mataki na 1 zuwa na 3, gwargwadon taimakon da mutum ke buƙata.

Kuskuren marubuta shi ne kwashe duka bakwai su loda wa mutum ɗaya, kowanne a ƙololuwarsa, a kowace fitowa. Binciken 2018 ɗin nan ya lura da haka, taurarin sun dace da littafi fiye da kima. Ka zaɓi biyu ko uku daga gida na biyu, ka yanke wanne ne mai ƙarfi, ka rubuta su a takarda ɗaya da darakta da jarumi za su riƙe: me ke tayar masa da hankali, me ke kwantar masa, me yake ci, wa yake yarda ya taɓa shi. Kada kashi na 2 ya ce ba ya jure ƙarar injin markaɗe, kashi na 9 kuma a gan shi zaune kusa da shi yana dariya ba tare da an nuna yadda aka kai ga haka ba.

Malama Rabi
Bari in ƙara abu ɗaya da masu kwaikwayon shirye-shiryen waje za su yi tuntuɓe da shi. A can babbar alamar da kyamara ke nunawa ita ce kawar da ido. A wurinmu yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba mai tarbiyya ne, wanda ya tsare ka da ido shi ake cewa fitsararre. Idan da ido kaɗai za ka nuna, mai kallo zai ga yaro mai kunya ne kawai.

Ga waɗanda za su fito sarai. Uwa ta kira sunansa sau uku daga bakin ƙofa bai waiga ba, har ana zargin kurumta, amma yayarsa ta ɓare ledar biskit a ɗaya ɗakin sai ga shi. Yana son ruwa, ba zai nuna ba, ba zai kalli fuskarta ba, sai ya kama wuyan hannunta ya ja ta ya ɗora hannun a kan murfin randa. Jirgi ya wuce, yaran gida suna ta nuni suna waiwayen manya don a gani tare, shi kuwa ko ya kalla ba zai nemi kowa ya taya shi ba. Ya jera murafan kwalba a tsakar gida, in aka gusar da ɗaya ya lura nan take. A ce masa "kana son shayi?" ya ce "kana son shayi?", kuma ma'anarsa e ce. Gaisuwa ma, wani zai haddace ta tsaf ya zazzage ta gaba ɗaya, ina kwana ina gajiya ya gida ya yara, ba ya jiran amsa. Duk waɗannan ba sa buƙatar likita ya fito yana jawabi.

Ummi Kd
Wannan na hannun uwa a kan murfi ya fi duk wani dogon bayani wallahi.

Sagir Marubuci
Sai maganar birkicewa. Kusan kowane shiri yana da fitowar da jarumi ke ihu yana dukan kansa. Ya ake rubuta ta ba ta zama abin dariya ko abin tsoro ba?

Malama Rabi
Da farko a bambance ta da tuburewa. Yaron da ya tubure yana da buƙata, yana satar kallon ko ana ganinsa, in aka ba shi abin ya yi shiru. Wanda ya birkice ya wuce nan, ko ka miƙa masa abin da ya nema ba zai tsaya ba, ko babu kowa a wurin zai yi. Kamar randa ce da ake ta zuba wa ruwa tun safe, moɗar ƙarshe ce ake gani ta zubar, alhali ba ita ta cika ta ba. Shirye-shirye moɗar ƙarshen kaɗai suke nunawa, shi ya sa mai kallo ke cewa a kan ɗan wannan abu?

A ce ranar biki ce. Ka shuka dalilai uku ko huɗu kafin a kai wurin. Da safe an ba shi shayi a wani kofi saboda nasa yana cikin wanke-wanke. An sa masa sabuwar shadda mai sitati, aikin wuyan yana gogar fatarsa, kyamara ta nuna yana ta jan wuyan rigar. Direba ya sauya hanya don cunkoso. A zauren biki ga DJ, ga guɗa, ga turaren wuta, ga gwaggo ta rungumo shi tana jan kumatu. Daga nan sai alamun gargaɗi, waɗanda su ne suka fi amfani ga iyaye masu kallo: toshe kunne, gunji ƙasa-ƙasa, kai-komo, tambayar "yaushe za mu tafi" ba ƙaƙƙautawa. Sai ƙaramin abu na ƙarshe, miya ta taɓa shinkafarsa. Birkicewar kanta a taƙaita ta a allo. Abin da ke biyo baya kuma kar a tsallake shi: gajiya liƙis, barci, wani ya yi sa'o'i bai yi magana ba, babba kuma ya tashi da kunyar abin da ya faru. Wasu ma ba sa ihu sam, ɗaukewa suke yi su daskare a wuri ɗaya.

Sesame Street, shirin yara na Amurka, sun yi daidai ranar da suka gabatar da Julia, 'yar tsana mai otizim, a Afrilun 2017. Jiniya ta wuce, ta toshe kunne, Alan ya kai ta wuri mai shiru da zomonta na wasa, ta sauke numfashi, sauran yara aka yi musu bayani a saukake. Dalili, alama, mafita, duk a 'yan mintuna. Har hannuwa kala biyu aka ɗinka wa 'yar tsanar, ɗaya na kaɗawa lokacin murna ko damuwa.

Nafisa A.
Kuma a tuna ana yanka fitowa a yaɗa ta ita kaɗai. Wurin da Shaun ke ihun cewa shi likitan tiyata ne, a zango na 2 yake, bayan sabon shugaban sashe ya cire shi daga tiyata. A 2023 aka yanko 'yan daƙiƙun aka mayar da shi abin barkwanci a TikTok. A Koriya ma masu YouTube sun yi ta kwaikwayon muryar Woo har aka yi ca a kansu. Duk fitowar da za ta ba da dariya in an cire ta daga mahallinta, a sake duba ta. Mu da muke da al'adar gaula da dolo a wasan barkwanci mun fi kowa buƙatar wannan taka-tsantsan, don yaran unguwa washegari za su liƙa wa wani sunan.

Abba Sauti
Ta ɓangarenmu, abin da editoci suka saba shi ne ƙure ƙara, a sa wani fito mai huda kunne, a girgiza kyamara. Wannan fim ɗin tsoro ne. Abin da masu lalurar da yawa ke bayyanawa shi ne rashin tacewa: kai kunnenka yana ɗaga muryar mai magana ya danne sauran, nasu yana kawo komai a matsayi ɗaya. To haka za a haɗa sautin. A ɗauki kowane sauti a layinsa daban: fanka, jenareto, cokali a faranti, takalmi a tayil, wayar wani tana ruri. A cire kiɗan baya gaba ɗaya. A riƙa ɗago su ɗaya bayan ɗaya har su yi kai ɗaya da maganar da ake yi masa, kalmomin su fara nutsewa. Daƙiƙa 15 zuwa 20 sun isa. Sai a yanke zuwa idon wani da ke gefe, inda komai yake daidai, mutane na cin abinci abinsu. Wannan yankan shi ke sa mai kallo ya gane. Heartbreak High na Ostireliya sun yi kusan haka a fitowar da Quinni, mai otizim a shirin, ta je gidan abinci mai hayaniya.

Kar a ja shi da tsawo, masu lalurar ma suna cikin masu kallo. Walƙiyar haske kuma kar ta wuce sau uku a daƙiƙa ɗaya, ƙa'idar da tashoshin Birtaniya ke bi ke nan.

Dakta Hadiza
Madalla, Abba. Maganar walƙiya tana da muhimmanci don farfaɗiya ta fi yawa a cikinsu fiye da sauran jama'a.

Ga wanda ya fi komai haɗari: nuna ana danne mutum don a kwantar masa da hankali. Fim ɗin Music na mawaƙiya Sia, 2021, ya nuna ana kifar da yarinya ana hawa bayanta kamar taimako ne, har sai da ta fito ta ba da haƙuri. Idan aka kifar da mutum aka ɗora masa nauyi, ƙirji da ciki ba sa samun buɗewa, shi kuma yana kokawa yana buƙatar iska fiye da kullum. Yana ƙara fizga don numfashi, mai dannewa yana ɗauka taurin kai ne yana ƙara nauyi. A 2018 wani yaro ɗan shekara 13 ya rasu bayan an riƙe shi haka fiye da sa'a ɗaya a wata makaranta a Kalifoniya. Abin da ya kamata allo ya koyar: a janye 'yan kallo, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a kashe kiɗa a rage haske, mutum ɗaya ya rage, magana kaɗan, ban da tambayoyi. In yana buga kai a sa matashi tsakaninsa da bango. Sai jira.

Ummi Kd
Amma Dakta, a Woo akwai inda ta ga haɗarin mota ta birkice, abokin aikinta Jun-ho ya rungume ta ta baya da ƙarfi ta lafa. Shi ma kuskure ne?

Dakta Hadiza
Matsi mai nauyi yana kwantar wa wasu hankali, wasu kuma yana ƙara tunzura su. Sharaɗinsa a san mutum yana so tun yana cikin natsuwa, yana tsaye ko zaune, ba a wuya ba, kuma a sake shi da zarar ya ture. Haɗarin fitowar shi ne mai kallo ya ɗauka magani ne na kowa.

Alhaji Bala Furodusa
Duk na ji. Amma na san inda za ku dosa, za ku ce sai mai lalurar ne zai taka rawar. As We See It na Amazon sun yi haka a 2022, jarumai uku duk masu otizim, zango ɗaya aka soke shi. Freddie Highmore da ya fito a Shaun ba shi da ita, ya yi zango bakwai. Shah Rukh Khan ma a My Name Is Khan ai lafiyarsa lau, kuma har gobe ana kallo a gidajenmu.

Nafisa A.
Alhaji, ana soke shirye-shirye kullum saboda dalilai goma. Heartbreak High da Chloé Hayden, mai otizim, an sabunta shi har zango na uku. Pablo na CBeebies, tashar yara ta BBC, tun 2017 masu lalurar ne ke yin muryoyin, da su ake rubutawa. Shirin Atypical da ya sha suka a zangon farko, a na biyu sun kawo 'yan wasa masu otizim. The Good Doctor kansa sai a zangon ƙarshe, 2024, ya ɗauko Kayla Cromer, mai otizim, ta fito a ɗalibar likita.

Bambancin a jiki yake. Mai kwaikwayo yana ɗaukar abin da ido ke gani, murya ba hawa ba sauka, yatsu a sandare, kuma haka zai yi daga farkon shiri zuwa ƙarshe. A zahiri motsin yana bin yanayi. Kaɗa hannu na murna daban, na damuwa daban. Babba yana danne shi a ofis, ya murza zobe ko bakin mayafi a ɓoye, sai ya shiga ɗakinsa ya saki jiki. Mata sun fi yin wannan ɓoyon, suna haddace yadda ake dariya da yadda ake jajantawa, shi ya sa ake makara wajen gano su. Ana cewa maza huɗu mace ɗaya, amma nazarin 2017 da ya tattara bincike da dama ya ce ya fi kusa da uku da ɗaya, wato akwai matan da ake tsallakewa. Sannan a daina rubuta mu kamar marasa tausayi. Damian Milton, wani masani mai otizim, ya yi bayani tun 2012 cewa rashin fahimtar ta ɓangare biyu ce, mu ba mu karanta ku da kyau, ku ma ba ku karanta mu.

Isuhu Damagaram
Mai son gani da idonsa ya haɗa Astrid da Patience, wanda Channel 4 ta Ingila ta sake yi a 2025. Labari ɗaya, amma Ella Maisy Purvis da ta fito a Patience tana da lalurar, Sara Mortensen da ta fito a Astrid ba ta da ita. A kalli hannuwansu lokacin da ba su ne ke magana ba.

Dakta Hadiza
Ni a nan ina tsakiya. Rawar babba mai magana, a nema tukuna, a yi gwajin 'yan wasa a buɗe kafin a ce babu. Rawar yaro mai tsanani kuwa, wanda ba zai iya fahimtar me ake ɗauka ba balle ya amince, ban goyi bayan a sa shi ya birkice gaban kyamara ba ko da iyaye sun sa hannu. Wanda ba sassauci a kansa shi ne masu ba da shawara: likita ko malamin fannin, babba mai lalurar, da uwa ko uba mai rainon yaro mai tsanani. A kawo su tun ana tsara ƙashin labari, a biya su, a ba su rubutun kowane kashi. In sai an gama ɗauka aka nuna musu, sa albarka kawai aka nema. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, da asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, nan ne wurin fara tambaya.

Sagir Marubuci
Saura ƙarshen labari. Mai kallonmu yana son a warke, ko a gano wanda ya yi asirin.

Dakta Hadiza
A nan ne shiri zai iya yin ɓarna ta gaske. Otizim yanayin ginin ƙwaƙwalwa ne, gado yana da babban kaso a ciki, kuma da shi mutum ke rayuwa har tsufa. Babu maganin da ke cire shi. Risperidone da aripiprazole da aka amince da su a Amurka na rage tsananin fusata ne kawai, kuma suna sa ƙiba da kasala. Kaka a cikin shiri tana iya cewa aljanu ne ko kishiya ce, don haka ake faɗa a gidaje, amma labarin kar ya gaskata ta. In ya gaskata, ka tura iyaye yawon kashe kuɗi, wani yaron kuma ya sha ɗauri da duka. Addu'a tana tafiya tare da asibiti da makaranta, a nuna hakan.

Kar a ɗora wa uwa laifi. A shekarun 1950 da 1960 an yi ta cewa sanyin uwa ke jawo shi, an daɗe da watsar da wannan. Kar kuma a jera fitowar allurar rigakafi da fitowar daina magana. Wasu yaran suna rasa kalmomin da suka fara tsakanin wata 18 da 24, lokacin da ake yawan zuwa rigakafi, shi ya sa ake haɗawa. Takardar 1998 da ta kunna wutar yara 12 kacal ta duba, mujallar Lancet ta janye ta a 2010, aka kuma soke lasisin likitan. Mu da muka ga abin da dakatar da rigakafin shan-inna na 2003 ya jawo ba ma buƙatar sabuwar jita-jita.

Malama Rabi
Ci gaba na gaskiya ma yana da daɗin kallo, Alhaji. Akwai tsarin PECS na musayar hoto, mataki shida. A na farko malamai biyu ne, ɗaya a gaba riƙe da abin da yaro ke so, ɗaya a baya yana kama hannunsa ya ɗauki katin hoton ya miƙa, nan take a ba shi abin. A hankali na bayan ya janye. Ranar da yaro ya tashi da kansa ya ɗauko katin ruwa ya ratsa tsakar gida ya miƙa wa ubansa, ka samu ƙarshen zango. Rikici kuwa ba sai an ƙirƙira ba: rashin barci, cin abinci kala biyu ko uku kacal, makarantar da ta ce a zo a ɗauke shi, yayar da aka bar wa raino, da ficewa daga gida. Wani binciken Amurka na 2012 ya samu kusan rabin yaran sun taɓa yunƙurin sulalewa, kuma ruwa yana jan da yawansu, ga mu da kududdufai da rijiyoyi a buɗe.

Alhaji Bala Furodusa
To wannan kam labari ne, Malama. A ce mun samu matashi mai lalurar da zai iya, ya lokeshin zai kasance? Kun san yadda muke, mutum talatin, ihu, jenareto.

Malama Rabi
A kai shi ya ga wurin kwana ɗaya ko biyu kafin ɗauka, babu kowa. A ba shi jadawalin ranar a rubuce ko a hotuna, in za a sauya a gaya masa da wuri. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba shi umarni, a fili kuma: "tsaya a kan wannan layi, ka ƙirga uku, ka juya", ba "ka ɗan saki jiki" ba. A ware ɗaki mai shiru da zai shiga ba sai ya nemi izini ba. Kayan da zai sa a wanke su tukuna a cire tambarin wuya. Mai kwalliya ta faɗa kafin ta taɓa shi. Fitowa mai nauyi a yi ta da safe, a rage mutanen ɗakin, a tsayar da adadin maimaici tun kafin a fara, kar ya wuce uku ko huɗu.

Abba Sauti
Jenareto a kai shi bayan katanga a ƙara tsawon waya, mu ma sautinmu zai fi fita. Fitilun da ke kyaftawa ko ƙugi a canza su. Mai allon ɗauka ya rufe shi a hankali, ko a buga a ƙarshen fitowa maimakon gaban fuskarsa. Makirufon da ake maƙalawa a riga a nuna masa ya taɓa shi tukuna. In tef ɗin ya dame shi a fata, a koma na sanda daga sama.